Kafin Ka Saya Wa Yaro Littafin Kiɗan Jita Na Barazil Ko Kuba

'Yan'uwa mazauna zango, na Kwatano da Lome, na Akara da Kumasi, na Duwala da Yawunde, har zuwa Njamena. Duk wanda ya haifi 'ya'ya a waɗannan garuruwa ya san suna tashi da abubuwan da mu ba mu tashi da su ba. Ɗaya daga ciki ita ce jita. Wani a makaranta ya gan ta, wani wajen abokai, wani kuma a waya. Ba a jima sai ka ji, "Baba, a saya mini littafin koyo." In ka tambaye shi wane iri, sai ya ambaci bossa nova, ko samba, ko salsa, wato kaɗe-kaɗen Barazil da Kuba da maƙwabtansu.

To, nan fa ake yin ta. Kai da ka san atamfa ta gaske daga shafawa, ka san goron da zai kai wata bai lalace ba, yau ga kaya a gabanka ba ka san kansa ba. Littattafan nan kuwa ba su da araha, galibi daga waje ake aiko su, wani lokaci ma kuɗin aike ya fi kuɗin littafin. In an yi sayen kifi a ruwa, kuɗi sun tafi, yaro kuma ya karaya ya jingine jitar a bayan ƙofa.

Ni ɗan kasuwa ne, kiɗa ba sana'ata ba ce. Sai dai na daɗe ina sauraron wannan kiɗa tun zamanin rediyo mai gajeren zango, na kuma juya littattafansa da dama. Abin da na fahimta, wanda shi ne jigon maganata yau, shi ne: littafi yana koyar da hannun hagu, amma hannun dama kunne ne ke koyar da shi. Wanda ya riƙe wannan ba zai yi asarar kuɗinsa ba.

Me ya sa kiɗan bai yi mana baƙunci ba?

Da yawanmu in muka ji samba ko kiɗan Kuba sai mu ji kamar mun san shi a wani wuri. Akwai dalili. Sama da mutum miliyan 4 aka kwasa daga Afirka zuwa Barazil a zamanin cinikin bayi, ba a kuma haramta bauta a can ba sai 1888. Cikin waɗanda aka kai jihar Bahia har da Hausawa, kuma tarihin ƙasar ya rubuta yunƙurin tawayensu na 1807. A watan Janairu na 1835, cikin azumi, Musulmin birnin Salvador suka yi babban boren da ake kira na Malê. Yawancinsu Yarabawa ne, da Hausawa a ciki, an kuma samu takardu da rubutun Larabci a jikin wasunsu. Bayan boren aka maido da wasu gaɓar tekun nan tamu. Zuriyarsu su ne Aguda na Porto-Novo da Wida da Legas, da kuma Tabom na Akara, masu gidan nan da ake kira Brazil House a unguwar Jamestown. Wanda ya taɓa ganin babban masallacin Porto-Novo ya ga ginin da aka yi da salon Barazil.

Amma fa a faɗi gaskiya, kada wani ya tafi yana cewa Hausawa ne suka ƙago samba. Tushenta ya fi ƙarfi daga mutanen Angola da Kongo, sai abin da Yarabawa da mutanen Dahomey suka zuba, sannan jitar kanta da tsarin amonta daga Turai suka zo. Abu ɗaya dai zai ba ka dariya: ƙararrawar ƙarfe da ake bugawa a samba sunanta agogô, kalmar Yarabanci ce, kuma daga ita muka aro "agogo" da muke ɗaurawa a hannu.

Na Kuba kuwa ta garmaho ya dawo mana. Tun daga 1933 wani kamfanin Ingila ya riƙa aiko da faya-fayai masu lambar GV zuwa Afirka, cike da kiɗan Kuba. Na farko a jerin shi ne "El Manisero", wato mai tallar gyaɗa. Kun ga ashe da ɗan kasuwa aka buɗe fage. Daga waɗannan faya-fayai ne makaɗan Kinshasa suka gina rumbarsu, irin su Grand Kallé da Franco, haka Bembeya Jazz a Gini, da Orchestra Baobab a Dakar, da Gnonnas Pedro a Benin. Saboda haka yaron da ya tashi a Kwatano ko Duwala, kunnensa ya riga ya sha wannan ruwa tun kafin ya taɓa littafi. Wannan jari ne babba, za mu dawo kansa.

Rubutu iri uku

In ka buɗe littafin kiɗan jita za ka tarar da ɗaya daga cikin rubutu uku, ko biyu a haɗe, ko duka.

Na farko shi ne haruffa a saman kalmomin waƙa: C, Am, G7 da makamantansu. Kowane harafi sunan wata damƙa ce, wato yadda yatsun hagu za su danne tsirkiyoyi a wuyan jita don amo uku ko huɗu su tashi tare. Masu Ingilishi suna ce mata kod, masu Faransanci akor, 'yan Barazil kuma suna kiran wannan rubutu cifra. Littafi mai kyau yakan zana ɗan akwati da ɗigo-ɗigo yana nuna inda kowane yatsa zai zauna.

Na biyu layuka shida ne, kowane layi tsirkiya ɗaya, da lambobi a kai masu nuna gaɓar da za a danne. Ana ce masa tab. Yana da sauƙin ganewa, yaro zai iya karanta shi a yini guda, sai dai sau da yawa ba ya faɗin tsawon lokacin da kowane amo zai ɗauka.

Na uku shi ne cikakken rubutun kiɗa mai layuka biyar, wanda ake koyarwa a makarantun kiɗa. Shi ne mai faɗin komai, amma sai da malami da haƙuri.

Akwai wani ruɗani da ya shafe mu musamman. Yaron da ya yi makaranta a Gana ya saba da C, D, E. Na Kamaru ko Nijar ko Benin ko Chadi ya saba da Do, Ré, Mi. Abu ɗaya ne: C ita ce Do, D ita ce Ré, E Mi, F Fa, G Sol, A La, B kuma Si. 'Yan Barazil da baki Do, Ré, Mi suke cewa, amma a takarda haruffa suke rubutawa. A rubuta wannan a ɗan kati a liƙa a bangon littafin, an huta. Sannan inda littattafan Amurka ke rubuta Cmaj7, na Barazil C7M suke sawa. Damƙa ɗaya ce, rigar ce ta bambanta.

Mutumin da ya bi mawaƙa gida-gida

A Barazil shekaru da yawa matasa suna koyon jita ne daga 'yan ƙananan mujallu masu araha da ake sayarwa a rumfunan jarida. Sun yi amfani, amma cike suke da kure, domin wani ne kawai ya saurari faifai ya rubuta abin da yake zaton ya ji. Waƙar da mai ita ya ƙawata da damƙa ashirin sai a mayar da ita biyar.

Wani malamin jita a birnin Rio, Almir Chediak, wanda aka haifa a 1950, shi ya ga abin ya ishe shi. Ya fara da ƙamus na damƙoƙi a 1984. Daga baya ya kafa kamfanin ɗab'i mai suna Lumiar, kuma a ƙarshen shekarun 1980 ya fara fitar da jerin littattafan da ya sa wa suna Songbook, ya buɗe da waƙoƙin Caetano Veloso. Dabararsa ita ce: ba ya dogara da kunnensa kaɗai. Yakan je wajen mai waƙar, in yana raye, su zauna da jita su bi ta damƙa bayan damƙa har sai mai ita ya ce haka take. Da haka ya tattara na Tom Jobim a kundi uku, na Chico Buarque a kundi huɗu, na bossa nova baki ɗaya a kundi biyar, ga na Gilberto Gil, da Dorival Caymmi, da Djavan, da Noel Rosa da wasunsu. A kowace waƙa akwai karinta a layuka biyar, da haruffan damƙa, da zanen yatsu, da kalmomin. A farkon littafi kuma akwai hotuna da tarihin mawaƙin.

Ɗan kasuwa zai gane darajar wannan aiki. Bambanci ne tsakanin kayan da ka saro daga masaƙa da wanda ya bi hannu bakwai kafin ya iso ka. Jobim ya rasu a 1994, 'yan shekaru kaɗan bayan an gama nasa. Da an yi jinkiri, da sai dai a yi ta gardama kan yadda ya so a kaɗa. Shi kansa Chediak 'yan fashi ne suka kashe shi a 2003 a yankin Petrópolis, yana da shekara 52. Littattafan suna nan ana ci gaba da buga su a ƙarƙashin kamfanin Irmãos Vitale.

Sai dai a sani, waɗannan ba na ɗan koyo ba ne. Damƙoƙin bossa nova suna da wuyar kamu, yatsu huɗu duk suna aiki, kuma ana sauya su da sauri. Wanda bai yi wata shida ko shekara yana kaɗa masu sauƙi ba, in aka miƙa masa kundin Jobim, kamar an ɗora wa yaron kanti dilar gwanjo ne a ka.

Sauran kayan da ke kasuwa

Wanda yake so ya koyi yadda ake kaɗawa, ba tarin waƙoƙi kawai ba, akwai littafin Nelson Faria, makaɗi ɗan Barazil, mai suna The Brazilian Guitar Book, wanda kamfanin Sher Music na Amurka ya buga a 1995. Da Ingilishi yake, ya fito tare da sauti, ya kuma bi salo biyar ɗaya bayan ɗaya: samba, bossa nova, choro, frevo da baião. A ganina wannan ya fi dacewa a fara da shi kafin kundin waƙoƙi, in dai yaron ya soma karanta layuka biyar ko yana da mai nuna masa.

Kamfanin dai ya fitar da The Latin Real Book a 1997, babban kundi mai ɗauke da salsa da tsofaffin waƙoƙin Kuba da na Barazil. A nan akwai rami, ku lura. Littafin iri-iri ake buga shi: akwai mai alamar C, akwai mai B♭, akwai mai E♭. Biyun ƙarshe na masu busa ne, irin su ƙaho da saksofon. Mai jita na C zai saya. In aka aiko da na B♭, duk abin da yaro ya kaɗa zai saɓa da faifai, ya yi ta zargin kunnensa alhali laifin oda ne. Kuma wannan kundi don ƙungiyar makaɗa aka tsara shi, bai zana wurin sa yatsu ba.

Akwai kuma littattafan da za ka ga an rubuta a bangonsu cewa na fiyano ne da murya da jita. Su ne suka fi yawa a shagunan intanet. Gaskiyarsu ita ce don fiyano aka yi su, an ɗora 'yan akwatunan jita a sama don a ƙara masu saye. Damƙoƙin a sauƙaƙe suke, ba irin waɗanda 'yan Barazil ke kamawa ba. Za a iya rera waƙa da su, amma ɗanɗanon ba zai fito ba.

Kashi na ƙarshe na masu kaɗa jita ita kaɗai ne, ba rera waƙa. A nan za ka ji sunan Heitor Villa-Lobos na Barazil, da Agustín Barrios na Paraguwai, da Antonio Lauro na Benezuwela, da Leo Brouwer na Kuba. Nasu duk a layuka biyar yake. Brouwer ya rubuta wasu gajerun darussa don masu tasowa, Estudios Sencillos, malamai da yawa da su suke farawa. Iyayen da ba sa son 'ya'yansu su shiga rera waƙoƙin da ba a san ma'anarsu ba, wannan hanya ta fi musu kwanciyar hankali, don babu kalma ko ɗaya a ciki.

Abin da takarda ba ta iya ɗauka

Yanzu mu zo ga hannun dama. Bossa nova ta samu kamanninta ne a hannun João Gilberto, mutumin Juazeiro a jihar Bahia, wanda ya ɗauki "Chega de Saudade" a faifai a 1958. Abin da ya yi shi ne ya tattara gangunan samba ya zuba su cikin jita ɗaya. Babban yatsa yana bugun tsirkiyoyi masu kauri a natse, ba ya gaba ba ya baya, kamar babbar gangar da suke kira surdo. Yatsu uku da ke biye da shi suna tsinkar sirara tare, amma su ba sa sauka daidai kan bugun, suna ɗan riga shi ko su ɗan bi bayansa, kamar ƙaramar gangar tamborim. Daɗin yana cikin wannan 'yar tazara.

To, wannan tazara ce takarda ke kasa riƙewa. Za a iya rubuta ta da alamu, kuma ana rubutawa, amma wanda ya kaɗa daidai da alamun bai taɓa jin faifan ba, kiɗansa zai fito a sandare kamar tafiyar soja. Mu da muka tashi da kalangu mun san wannan. Ko da wani ya ƙirga maka bugun a takarda, in ba ka taɓa tsayawa a dandali ka ji yadda makaɗi ke matse tsirkiya yana saki ba, ba za ka fitar da maganar da ke cikinsa ba. Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma a wannan fage ji ne ke korar gani.

Na Kuba ma haka. Ginshiƙinsa shi ne clave, bugu biyar da ake yi da 'yan sanduna biyu: uku a gaba biyu a baya, ko biyu a gaba uku a baya. Kowace waƙa tana zaune kan ɗaya daga cikin biyun, in ka juya shi sai komai ya karkace. Littafi nagari yakan rubuta 3-2 ko 2-3 a saman waƙa. Yaro ya fara tafa wannan da hannu yana bin faifai har ya zauna masa a jiki, sannan ya ɗauki jita. A nan ne jarin da na ambata yake aiki: wanda ya tashi yana jin rumbar Kongo a motar haya da gidan biki, wannan bugu ba sabo ba ne a wurinsa, suna kawai zai koya. A kuma sani cewa abin da ake ji yana karkaɗawa a kiɗan son na Kuba sau da yawa ba jita ba ce, tres ce, mai tsirkiya bibbiyu sau uku. Ana iya kwaikwayonta da jita, amma amon ba zai zama ɗaya ba.

Wani abin da ke rikita masu koyo shi ne matakin murya. Shahararriyar waƙar nan ta yarinyar Ipanema, yawancin littattafan Amurka a F suke buga ta, alhali a faifan Getz/Gilberto na 1964, wanda duniya ta sani, a D♭ aka kaɗa ta. Yaro zai buɗe littafi, ya kunna faifai, ya ji ba su haɗu ba. Ba littafin ne ya lalace ba, ba kuma jitar ba. Haka nan 'yan Barazil suna rubuta samba da ƙirga biyu, 2/4, Amurkawa kuma sukan mayar da ita huɗu. Abu ɗaya ake nufi, amma ƙirga biyun ya fi kusa da yadda ƙafa ke takawa.

A duba waɗannan kafin a biya

Na ɗaya, wa ya rubuta? Makaɗin ƙasar ne, ko wanda ya zauna da su? In babu sunan kowa a bango sai na kamfani, a yi hattara.

Na biyu, akwai sauti tare da shi? Da faifai ake haɗawa, yanzu kuma galibi lamba ce a cikin littafi da za a shigar a intanet a sauke. In na hannu ne za a saya, a tambaya ko faifan na ciki, ko an riga an yi amfani da lambar.

Na uku, wane irin rubutu ne a ciki, kuma yaron yana iya karanta shi? Yawancin masu sayarwa suna nuna shafi biyu ko uku kyauta. A sa shi ya gwada da jitarsa tukuna.

Na huɗu, harshe. Wasu da Fotugis suke, wasu da Sifaniyanci, wasu da Ingilishi. In tarin waƙoƙi ne, harshe bai cika damuwa ba, haruffan damƙa ɗaya ne ko'ina. In littafin bayani ne, dole ya zama harshen da yaro ke ji.

Na biyar, ita jitar. Wannan kiɗa da tsirkiyar nailan ake yin sa, da yatsu, ba da ɗan filastik ɗin karta ba. Kada a ɗaura tsirkiyar ƙarfe a jitar da aka ƙera don nailan, ƙarfin jan zai lanƙwasa wuyan ko ya ɓalle mazaunin tsirkiya. Mutanen Yamai da Njamena da Garwa su kula da hunturu, bushewar iska tana tsaga katako, a riƙa ajiye ta cikin jakarta nesa da rana. Na bakin teku kuma laima ce abokiyar gabarsu, a goge tsirkiya da ƙyalle bayan an gama.

Na shida, littafi ɗaya ya isa a fara. Wanda ya cinye ɗaya ya fi wanda ya jera goma a kanta. In yara biyu ko uku ne a unguwa, iyaye su haɗa kuɗi, wannan ya sayi na Faria, wancan na waƙoƙi, a riƙa musaya. In wani ɗan'uwa zai dawo daga tafiya, a ba shi saƙo da cikakken suna da hoton bango, an tsira daga kuɗin aike.

Akwai shafukan intanet na kyauta, irin su Cifra Club na Barazil, masu dubban waƙoƙi da haruffan damƙa. Suna da amfani ga mai farawa. Amma da yawan abin da ke ciki jama'a ne ke turawa, wani daidai wani kure, tamkar 'yan mujallun nan na da. Game da kwafin da ake ɗauka a na'ura ana sayarwa kuwa, mu 'yan kasuwa mun fi kowa sanin zafin a kwaikwayi kayanka a karya maka farashi. Haƙƙin mai shi yana nan ko da yana bayan teku.

Tsarin koyo kuma, a bi shi daki-daki. A fara da waƙoƙi masu damƙa uku ko huɗu. "Guantanamera" uku ce ke juyawa, "Chan Chan" ta Compay Segundo huɗu ce daga farko har ƙarshe. Daga nan a shiga bolero mai tafiya a hankali, sannan bossa nova, sannan samba mai sauri da choro. Minti ashirin kullum ya fi awa uku ranar Lahadi kaɗai. Sannu ba ta hana zuwa.

Magana ga iyaye

Batun hukuncin kiɗa malamai sun yi maganganu, kowane gida kuma ya san wanda yake bi. Ban zo in yi fatawa ba. Maganata da gidan da aka riga aka yarda jita ta shigo ne.

In ta shigo, to a san me ake rerawa. Yawancin waƙoƙin nan na soyayya ne da kewa da teku da unguwa, wasu na siyasa, musamman na zamanin mulkin soja a Barazil daga 1964 zuwa 1985. Amma akwai masu ambaton giya, akwai kuma masu kiran abubuwan bautar gargajiya. Misali faifan Os Afro-Sambas na Baden Powell da Vinicius de Moraes, na 1966, wanda masana ke yabawa ƙwarai, a cikinsa akwai waƙoƙi da sunan Xangô da Iemanjá, wato Shango da Yemoja na Yarabawa. Yaro yana iya rera su da zuciya ɗaya bai san me yake faɗa ba. Waya tana fassara kalmomi cikin minti ɗaya. Uba ko uwa su zauna da shi a karanta tare, a zaɓi na zaɓa, a bar na bari. Wannan ya fi a ƙwace jitar a fasa, domin wanda aka hana a gida zai je ya koya a inda ba ka gani.

A kuma yanka mata lokacinta, kada ta ci na salla, ko na makarantar allo da boko, ko na zaman shago. Wanda ya kiyaye wannan zai ga wata riba da bai zata ba. Yaron da ya zauna wata uku yana fama da damƙa ɗaya har ta fito tsaf ya koyi haƙuri. Wanda ya bi kalmomin waƙa ya tsinci Fotugis ko Sifaniyanci kuwa, ya samu abin da kasuwa ke so: ga Angola, ga Gine Bisau, ga Malabo da Bata inda ake Sifaniyanci, ga ita kanta Barazil da kajinta da sukarinta ke sauka a tashoshin jiragen ruwanmu.

Namu fa?

Duk lokacin da na juya littattafan Chediak sai tunanin gida ya zo mini. Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, Ɗanmaraya Jos a 2015. Masana sun yi ƙoƙari wajen rubuta kalmomin waƙoƙinsu da tarihinsu, Allah ya saka musu. Amma kiɗan kansa fa, yadda yatsa ke tafiya a kan kuntigi, ko garaya, ko gurmi, ko molo? Yawancinsa yana cikin kaset da ƙwaƙwalwar tsofaffin makaɗa. Kaset yana cin kansa, tsofaffi kuma suna tafiya.

Yaron da ya koyi karanta rubutun kiɗa saboda samba, ya kuma horar da kunnensa a kan faifai, shi ne zai iya zama gaban mai gurmi a Zango ko a Briketeri ya rubuta abin da ya ji, ya maimaita masa har mai shi ya ce haka take. Saboda haka in ɗanka ko 'yarka sun kawo maka sunan littafi, ka karɓa ka duba shi da idon ɗan kasuwa: wa ya yi shi, me ke ciki, akwai sauti, ya dace da matakinsa? In ya cika, ka saya. Sannan ka gaya masa ya saurari waƙa sau goma kafin ya buɗe shafinta sau ɗaya, kuma in ya iya ta mutanen Rio, kana jiran ya zo ya kaɗa maka ta gida.

Allah ya ba da kasuwa mai albarka, ya shirya mana zuriya.